GININ ƘASA, RUMBUN TARIHI

A zamanin nan namu, in aka ce wane ya yi arziki, abin da mutane za su fara dubawa shi ne ko ya rushe gidan ubansa na ƙasa ya tayar da na bulo da siminti. Har ta kai yaro yana jin kunyar ya kai abokinsa gidansu don kada a ga katangar jar ƙasa. Ni kuwa ina so in yi amfani da wannan fili da aka ba mu cikin mujallar makaranta in faɗa wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu cewa ginin nan da muke rainawa yana iya wani aiki wanda siminti bai iya ba. Aikin kuwa shi ne tsaron kayan tarihi, watau abubuwan da kakanninmu suka bar mana, waɗanda ake tarawa a gidajen tarihi don na baya su gani.

Dalilin da ya sa na sa baki cikin wannan magana shi ne ni jikan magini ne. Kakana na wajen uba ya yi shekara fiye da hamsin yana ginin ƙasa, kuma tun ina firamare duk hutu yakan ja ni wurin aiki. Na cuɗa ƙasa da ƙafata, na ɗauki ruwa, na jefa wa magina tubali suna bisa katanga suna cafewa. Shi yakan kira ni "ɗan boko" don tsokana, ni kuma in kira shi "tsohon yayi". To, abin da na koya wurinsa da abin da na koya wurin malamanmu na kimiyya da na tarihi, su na haɗa na rubuta wannan.

Bari mu fara da kayan da kansu. Duk wanda ya taɓa shiga gidan tarihi ya san galibin abin da ke ciki ba dutse ba ne. Akwai riguna na saƙi, da gafakar fata, da sirdi, da ganguna, da ƙyamare na katako, da ƙorai, da takubba, da littattafai rubutun hannu. Waɗannan duka suna da abokan gaba: zafi, da laima, da hasken rana, da ƙwari. Amma babban abokin gabarsu, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, shi ne saurin sauyawar yanayi. Kowa ya san ƙofar katako takan kumbura da damina har ta ƙi rufuwa, in hunturu ya zo kuma ta tsuke har ka hangi waje ta tsakanin allunan. Kowa ya ga yadda takalmin fata ke bushewa ya tsattsage lokacin sanyi, da yadda makaɗi ke kai gangarsa rana ko bakin wuta don fatar ta ɗaure. Dalili kuwa, fata da itace da takarda da zane duk suna shan laimar da ke cikin iska su kumbura, in iska ta bushe su fitar da ita su tsuke. In abu ya yi ta kumbura yana tsukewa safe da yamma, shekara da shekaru, ƙarshensa ya tsage.

Ƙasarmu kuwa ba ta da sauƙi ta wannan fanni. A Kano, cikin watan Afrilu, zafi yakan wuce digiri 40 da rana. Da hunturu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, cikin watan Agusta kuma ta haura kashi 70. Masu kula da kayan tarihi kuwa sun fi son ta tsaya tsakanin kashi 40 da 60, kuma in za ta sauya, ta sauya a hankali. In ta daɗe sama da kashi 70, sai fumfuna ta kama takarda da fata, ƙarfe kuma ya soma tsatsa.

Dabarar da Turawa suka kawo ita ce a rufe ɗaki ruf, a sa injin sanyaya ɗaki da na tsotse laima, su yi ta aiki dare da rana ba hutu. Wannan dabara ce mai kyau a inda wutar lantarki ba ta ɗaukewa. Mu kuwa mun san halin da muke ciki. In inji ya yi awa uku yana aiki ɗaki ya yi sanyi, sa'an nan aka ɗauke wuta, nan da nan zafi ya dawo, bango da gilashi su yi gumi. Da yamma a kawo wuta, sanyi ya koma. Watau injin da aka sayo don ya hana sauyi, shi ne ya zama mai kawo shi sau biyu ko uku a yini. Janareto kuma ba ruwa yake sha ba, kuma ba kowane gidan tarihi ke da kuɗin mai na dare da rana ba.

Nan ne ginin ƙasa ke nuna halinsa, halin kuwa haƙuri ne. Katangar ƙasa mai kauri ba ta barin zafin rana ya ratsa ta da sauri. Tun hantsi rana ke dukanta, amma sai ta riƙe zafin cikin jikinta, yana tafiya kaɗan kaɗan. Kafin ya kai ciki rana ta faɗi, iskar dare ta soma janye shi ta waje. Saboda haka ɗakin soro da azahar ya fi waje sanyi, da asuba kuma ya fi waje ɗumi. Shi ya sa kakata ba ta ajiye man shanu ko goro a ɗakin kwano, sai a soro. Ba ta karanta kimiyya ba, amma ta san inda man shanu ke narkewa da inda goro ke bushewa.

Abu na biyu ya fi wannan ban mamaki. Yumɓun da ke cikin ƙasar gini, in ba a gasa shi ba, yana shan laima kamar yadda fata da takarda ke sha. In iskar ɗaki ta yi laima da yawa, bango ya tsotse wata. In iska ta bushe, bango ya sako abin da ya ajiye. Ashe ke nan bangon yana tare wa kayan da ke cikin ɗaki faɗan da za su yi da iska. Kakana yakan ce bangon ƙasa numfashi yake yi, na siminti kuwa ya toshe hanci. Da na gaya wa malaminmu na kimiyya wannan magana, sai ya yi murmushi ya ce tsoho ya taƙaita darasin mako guda cikin jimla ɗaya.

In kana son shaida, dubi rumbu. Manomi yakan ɗora shi bisa duwatsu don kada ya taɓa damshin ƙasa, ya gina shi da laka, ya sa masa murfi da jinka, ya zuba hatsi. Gero yakan shekara biyu ko uku ciki bai lalace ba, babu lantarki babu inji. To, mene ne ɗakin ajiya na gidan tarihi in ba rumbu ba? Bambancin kawai, wannan na abincin ciki ne, wancan na abin da zai gaya mana ko mu su wane ne.

Akwai abin da ya faru a gidanmu wanda ya tabbatar mini da haka. Yayan kakana malami ne, ya rasu ya bar littattafai rubutun hannu, wasu nasa, wasu na malaminsa. Suna cikin gafaka, gafakun kuma cikin adudu biyu a wani soro na can ƙurya, sun daɗe a nan tun ba a haife ni ba. Da baffana ya sami buɗi ya gina ɗaki na bulo mai rufin kwano da taga ta gilashi, sai ya ga bai kamata littattafan malam su zauna a tsohon ɗaki ba. Don girmamawa ya kwashe na adudu ɗaya ya jera su cikin sabon kabad, ya jingina shi da bango. Na ɗaya adudun aka bari sai an sayo wani kabad. Bayan damina biyu wani almajirin marigayin ya zo neman wani littafi. Da aka buɗe kabad sai wari ya bugo mu. Takardu sun manne da juna, tawada ta bazu a wurare da dama, fumfuna ta yi musu dabbare-dabbare, gafakun kuma sun ƙandare sun tsattsage a wurin naɗi. Aka ruga soro aka buɗe adudun da aka bari. In ban da ƙura babu abin da ya same su. Baffana ya yi shiru, hawaye ya cika masa ido, don ba da mugun nufi ya yi ba. Kakana bai yi masa faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ka mai da su inda suka saba." Akwai shafuffukan da har yau ba mai iya karanta su, kuma ba mu san wani wuri da ke da irinsu ba. Abin da aka rasa ke nan a gida ɗaya tak. Sai mai karatu ya auna abin da za a rasa a ɗakin da aka tara kayan gari guda.

Bayan wannan ne ƙungiyarmu ta masu son tarihi ta kai ziyara Gidan Makama a birnin Kano, kusa da fadar Sarki. An gina gidan nan cikin ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, lokacin yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya zama Sarkin Kano a shekarar 1463. Daga baya aka mai da wani sashensa gidan tarihi. Mun isa da tsakar rana, gumi ya jiƙa mana riguna, amma muna shiga zaure sai muka ji kamar an yayyafa mana ruwan randa. Abokaina suka yi ta kallon tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da makamai da hotunan sarakuna. Ni ma na kalla, amma idona ya fi tsayawa bisa kaurin katanga da yadda aka ɗaure rufi. Na ga gidan da kansa yana cikin kayan tarihin, kuma shi ne mai gadin sauran. Ba cewa nake yi kowane tubali da ke wurin na zamanin Rumfa ne ba. An yi ta gyara, an yi ta yaɓe, tsara bayan tsara. Wannan ma shi ne sirrin: ginin ƙasa yana daɗewa ne muddin akwai hannun da ke komawa gare shi.

Ya kamata in bayyana yadda ake irin wannan gini, don kada wani ya zaci kwaɓa laka ne kawai a tara. Magini yakan zaɓi ƙasa, ba kowace ba, ya fi son birji mai ɗan tsakuwa. A jiƙa ta, a zuba ciyawa, a tattake, a bar ta kwanaki ta ruɓa, a sāke tattakewa. Daga nan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana ya bushe sarai. Katanga takan fara da kauri ƙwarai daga ƙasa, tana raguwa yayin da take hawa. Rufi kuwa da azara ake yi, watau itacen giginya da aka tsaga, don gara ba ta cika cinsa ba. In ɗaki ya yi faɗi sai a ɗaure bakan gizo ya ɗauki nauyin rufin. A bisa rufi a shafa laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima na majema da dafara. A bango kuma a shafa makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. A ƙarshe a sa indararo mai tsawo ya watsa ruwan sama nesa da gindin katanga. Dubi yadda marini da majemi da manomi duk suka sa hannu cikin ɗaki ɗaya. Gwanayen wannan sana'a sun bar aikin da duniya ta san da shi, kamar Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin ƙarni na 19.

Gaskiya ɗaya ce, ginin ƙasa yana da nasa rauni, kuma duk mai yabonsa ya ɓoye wannan ba masoyinsa ba ne. Babban abokin gabarsa ruwa. In indararo ya toshe ruwa ya kwanta bisa rufi, ko kwata ta cika ruwa ya tsaya a gindin katanga, damina ɗaya ta isa ta kayar da aikin shekara ɗari. Gara kuma tana bi ta cikin bango ta iske itace da takarda. Sa'an nan ga ƙura da ke zuba. Amma kowanne da maganinsa. A ɗaga tushe da dutse, a gyara magudanar ruwa, a share indararo kafin ruwan farko, a yi yaɓe kan kari. Kaya kuma kada a jingina su da bango ko a ajiye su a ƙasa, a ɗora su bisa kanta cikin akwati, a riƙa dubawa a kai a kai. Abu ɗaya da kakana ya tsana shi ne a shafe katangar ƙasa da siminti wai don ta daɗe. Ruwa yakan sami 'yar tsaga ya shiga, ya rasa hanyar fita, ya yi ta cin ƙasar daga ciki. Daga waje kana ganin bango sumul, ran nan sai simintin ya ɓare kamar ɓawon rogo, ka tarar ciki ya zama gari.

Kada kuma a ce wannan zancen tsofaffi ne kawai. Masu ilmin zanen gine-gine na zamani sun dawo kan ƙasa, sun ƙara mata dabaru. Akwai injin hannu da ke matse ƙasa ta fito bulo mai kusurwa huɗu, wani lokaci a sa mata ɗan siminti kaɗan don ƙarfi. Akwai kuma wadda ake zubawa tsakanin alluna a daddaɓe ta hawa hawa har ta yi tauri kamar dutse. A garin Dandaji na Jihar Tawa, cikin Jamhuriyar Nijar, wata 'yar ƙasar mai suna Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da matsattsen bulon ƙasa, suka gyara tsohon masallacin ƙasa na garin ya zama ɗakin karatu. An gama aikin a 2018, kuma magina na gargajiya sun sa hannu ciki. A Birnin Benin na Jihar Edo, inda ruwan sama ya fi namu yawa nesa ba kusa ba, an gina wa gidan kayan fasahar Afirka ta Yamma, wanda ake kira MOWAA, babban gini na ajiya da gyaran kayan tarihi, katangunsa na daɓaɓɓiyar jar ƙasa. Irin wannan gini ba ya hana a sa inji inda ake bukata, amma yana rage wa injin aiki, kuma in wuta ta ɗauke ɗakin ba ya juyewa nan take. Tun kafin waɗannan ma, cikin shekarun 1970, wani masani ɗan ƙasar Poland mai suna Dmochowski ya tara magina a Jos, kusa da gidan tarihin da aka buɗe a 1952, suka gina kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Zariya don kada sanin ya ɓace.

Ga kuma maganar tattali. Ƙasar gini tana nan kusa, ba a sayo ta daga waje, kuɗin aikin kuma hannun mutanen gari yake shiga. Siminti kuwa sai an gasa dutse da wuta mai tsanani kafin a same shi, kuma masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya daga yin siminti yake fitowa. Mu da hamada ke matsowa kusa da mu bai kamata mu yi wasa da wannan ba. In kuwa ginin ƙasa ya ƙare kwanansa, sai a jiƙa shi a sāke wani da shi, ko ya koma gona.

Me ya sa maganar ta zama ta gaggawa? Dalili biyu. Na farko, kayanmu da aka kwashe sun fara dawowa. Tagullan Benin da sojan Ingila suka kwasa a 1897, Jamus ta soma mayar da nata a 2022, Holan kuma ta mayar da guda 119 a 2025. Shekara da shekaru hujjar masu riƙe irin waɗannan kaya ita ce wai ba mu da wurin da za mu adana su. Amsar da ta fi ƙarfi ita ce ɗakin ajiya wanda za mu iya riƙewa da ƙarfinmu, ko akwai wuta ko babu. Na biyu, maginan suna ƙarewa. Cikin yaran da kakana ya koya wa aiki, yawancinsu sun koma birkiloli, don nan ne abinci yake. Wanda ya iya ɗaure bakan gizo a unguwarmu yanzu bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma duk sun yi furfura. Sanin nan ba a littafi yake ba, a hannu yake. In hannun ya tafi, ko an ba da kuɗin gyaran Gidan Makama ninki goma, wa zai yi?

Saboda haka ina da roƙo. 'Yan'uwana ɗalibai, musamman masu burin karanta injiniya da zanen gine-gine, in hutu ya zo ku nemi tsohon magini a unguwarku ku zauna da shi. Ku tambaye shi sunan kowane abu da dalilinsa, ku rubuta, ku kuma sa hannu cikin laka, ba ta cizo. Iyayenmu kuma, Allah ya ƙara muku girma, in akwai tsohon kundi ko riga ko takobi na gado a gida, kada a yi gaggawar raba shi da ɗakin da ya saba. In kuma za a sāke gini, a bar ko da soro ɗaya a tsaye, a riƙa yi masa yaɓe. Hukumomin da ke kula da gidajen tarihi, su ma ina roƙonsu su ɗauki magina na gargajiya aiki na dindindin kamar yadda ake ɗaukar masu gadi, don su ma gadi suke yi, kuma a haɗa kowannensu da yaran da zai koya wa.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da aka bar mana, mu miƙa wa na bayanmu lafiya lau. Amin.